A bar faston nan ya ƙarasa maganarsa

Malam Edita,

Bayan gaisuwa. Shirinku na yammacin Lahadi, inda kuka haɗa fada na Katolika da fasto na Furotesta a kan maganar tuba, ya ƙona mini rai. Fada ya yi bayani a tsanake har ya ƙoshi, amma fasto na buɗe baki sai mai gabatarwa ya tari numfashinsa, wai lokaci ya ƙure. Daga nan ya rufe shirin da cewa 'yan Furotesta ba su ɗauki tuba da muhimmanci ba. Wa ya gaya masa haka?

Muna tuba, muna furta zunubanmu ga Allah, har ma ga junanmu yadda Yakubu 5:16 ta umarta. Abin da muka ƙi shi ne a ce bayan Allah ya gafarta akwai sauran hukuncin da mutum zai biya, da addu'o'in da fada ya ɗora masa, ko da azumi, ko a wani wurin tsarkakewa bayan mutuwa. A kan gicciye Yesu cewa ya yi, "An gama." Bashin da aka biya kaf, wa zai sake bin ka shi? Fada ya kafa hujja da Yohanna 20:23, inda Yesu ya ce wa almajiransa duk wanda suka gafarta wa zunubai an gafarta masa, mun ji. To ai da an bar fasto ya karanta 1 Timoti 2:5, inda aka ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Shi kansa Martin Luther, jagoran farko na Furotesta, da ya fito da batutuwansa 95 a Wittenberg ta Jamus a 1517, lokacin da wani mai wa'azin Katolika, Tetzel, ke yawo yana sayar da takardun sassaucin hukunci, batunsa na farko cewa ya yi dukan rayuwar mai bi tuba ce. Wannan ne wanda bai damu da tuba ba?

Gwaggota 'yar Katolika ce ta gaske, ita ta goya ni. Ciwon ajali ya kwantar da ita a rikicin Jos na 2001, ga dokar hana fita, fada bai samu hanyar zuwa ba. Ta damƙe hannuna, carbinta a ɗaya hannun, tana tambaya ko an yafe mata tunda ba ta furta ba. Na san fada zai ce nadamar zuciya ta gaskiya ta ishe ta a irin wannan hali. Amma ba haka ta fahimta ba, kuma da tsoro ta yi wannan daren. Har yau in na tuna sai hawaye ya zubo mini. Shi ya sa ba zan yi shiru a mai da maganar nan abin yankewa a tsakiya ba.

Don Allah ku sake gayyatar mutanen nan biyu, a raba musu lokaci daidai.

Sannan tallan maganin basir da kuke cusawa ana tsakiyar karanta Littafi Mai Tsarki, haba Malam! Ku mai da shi ƙarshen shiri mana.

Mai sauraronku,
wata 'yar zumuntar mata, Tudun Wada, Jos