Algus a ruwan AdBlue: a riƙa aunawa kafin a zuba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin 'yan'uwanmu direbobi da masu tireloli da tankoki da ke lodi a Apapa da Tin Can game da AdBlue, ruwan nan da ake zubawa a ƙaramin tanki mai shuɗin murfi. Tun da motocin DAF da MAN da Actros masu injin Euro 5 da Euro 6, wato masu bin ƙa'idar Turai ta rage gubar hayaƙi, suka yawaita, ruwan ya zama haja, masu algus kuma suka shigo. Garai yake kamar ruwan sha, don haka ido ba ya gane wanda aka sirka.

Na gaskiya yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, saura tataccen ruwa. Ƙa'idar ingancinsa ta duniya, ISO 22241, ta yarda da 31.8 zuwa 33.2 ne kawai. Fesa shi ake yi cikin salansa, zafi ya mai da shi amoniya, ita kuma ta kashe gubar hayaƙin gas. Idan an ƙara masa ruwa, na'urar da ke auna hayaƙi za ta ga gubar ba ta ragu ba, kwamfutar mota ta kunna wutar gargaɗi, daga baya ta rage wa inji ƙarfi. Sai ka ga mota da kwantena tana rarrafe tun kafin Shagamu.

Abin awon shi ne rifiraktomita, ɗan bututu kamar tocilan, amma a sayi mai ma'aunin AdBlue. A fara ɗiga masa tataccen ruwa a ga layi ya tsaya kan sifiri, a goge gilashin ya bushe, a ɗiga ɗigo biyu ko uku daga jarkar, a rufe, a duba ta wajen haske. Duk abin da ya gaza 31.8 a mayar wa mai shi. Jarkar da rana ta daka a bar ta ta huce tukuna, domin zafi na karkatar da awo.

Wanda ba shi da wannan, sikeli ma na taimakawa. Lita 20 ta gaskiya kilo 21.8 ce, ban da nauyin jarka. In rabi ruwa ne, wajen kilo 20.9 za a samu. Sai dai ƙaramin sirki na kuɓuce wa sikeli.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne na takin yuriya da ake jiƙawa da ruwan famfo ko na burtsatse. Zai iya nuna 32.5 cif, amma ma'adinan da ke cikin ruwan da sinadarin da ake shafa wa ƙwayar taki suna toshe tace da nozul, su kashe tukunyar SCR, wato sashen salansa da ake kashe gubar hayaƙi a cikinsa, wadda ba a gyara ta sai canji. A zuba kaɗan a farin kofin gilashi: in ya yi duhu-duhu, ko laka ta kwanta, ko maiƙo ya taso, kada a kai shi kusa da mota. A duba hatimin murfi da ranar da aka yi shi. A zafin da ya kai digiri 35 wata shida ne ƙarkonsa, don haka a ajiye shi a inuwa, cikin roba, ba garwar ƙarfe ba, kuma kada a zuba da mazurarin gas.

Muna roƙon hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta riƙa ɗibar samfur a kasuwanni da garejoji, shugabannin direbobi kuma su ajiye rifiraktomita ko guda ɗaya a kowace tasha.

Naku,
Wasu kanikawan manyan motoci,
Ijora, Legas