Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Tallafin Noma Da Abin Da Ke Shiga Tukunyarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacin garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da biyayya, da fatan Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nasara. Mu ne talakawanka manoma na unguwannin da ke ƙarƙashin Dagacin garinmu. Maza sun zauna a ƙofar gidan Sarkin Noma bayan la'asar, mata suka yi nasu zaman a cikin gida, aka haɗa maganganun aka rubuta wannan takarda. Idan ka ga mun tsawaita, a yi mana afuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan muka ce ba a taɓa yi mana komai ba, mun yi ƙarya. Dattawanmu na tuna injinan ban ruwa da shirin Fadama ya kawo. A 2012 shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya mai suna GES ya riƙa aiko wa manomi saƙo ta waya, ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da bashin noma na Anchor Borrowers a Kebbi, a 2017 kuma aka yi ta sayar da buhun takin kamfa naira 5,500 bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko. Duk mun gani, wasunmu sun ci moriya. Abin da ya kawo mu shi ne, duk lokacin da aka zo maganar tallafi, ana ƙidaya buhun da aka raba ne a ɗauki hoto a tashi. Babu mai komowa a watan Agusta ya leƙa rumbu, ko ya tambayi uwargida sau nawa ta ɗora tukunya jiya.

Mu fara da lokaci. Duk manomin masara ya san kamfa ana sa shi ne kamar mako biyu bayan shuka, yuriya kuma wajen mako biyar zuwa shida. Bara takin tallafi ya iso garinmu masara ta riga ta yi goyo, gero ya fitar da kai. Mun tsaya a bakin wurin rabo, muna kallon wani magidanci ya sa hannu, ya ɗauko buhunsa a ka, bai yi taku ashirin ba ya sauke shi gaban dillalin da ke jira a gindin darbejiya. Ya karɓi kuɗi, ya wuce kai tsaye wurin masu awo ya auni tiya-tiya na masara. Babu wanda ya ga laifinsa a cikinmu. Takin ba shi da sauran amfani a gonarsa a wannan daminar, gidansa kuwa kwana biyu ana kunu. Amma a takardar masu rabo an rubuta cewa an tallafa wa manomi, alhali dillali aka tallafa wa.

Sai maganar sunaye. Ba mu san inda ake rubuta su ba. Mukan ji labari ne ranar rabo, sai mu tarar da sunayen mutanen da ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, yayin da manoma huɗu ake haɗa su a buhu ɗaya su raba da kwano. In aka ce sai mai waya da lambar banki da katin ɗan ƙasa, an riga an cire yawancin matanmu, musamman waɗanda mazajensu suka rasu suka bar musu gayauna da marayu. Ba mu kama sunan kowa ba a nan, kuma ba za mu kama ba, don gyara muke nema.

Ranka ya daɗe, inda abin ya fi ci mana rai shi ne abin da ke biyo bayan tallafin da ya zo a matsayin bashi.

Iyayenmu sun bar mana noman gero da dawa, a sa wake a tsakani, a ware gefe a shuka gyaɗa, a bar kuɓewa da yakuwa da rama a bayan gida. Wannan tsari ba don rashin wayewa suka yi shi ba. Gero na nuna da wuri ya kashe yunwar damina. Wake na gyara ƙasa, ya shiga tukunya, harawarsa ta ciyar da akuya da rani, akuyar ta ba da nono, in ciwo ya zo a sayar da ɗanta. Gyaɗa kuwa ita ce jarin mace: ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, kuɗin ya koma cefane da sabulu. Da shirye-shiryen bashi suka zo, kusan kullum masara ko shinkafa suke nema, zalla, gona guda. Manomi ya karɓi iri da taki da maganin feshi, ya share gonar da da take ba shi abu huɗu ya mai da ita abu ɗaya. In Allah ya ba da damina, sai a zo karɓar bashi da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci arha, motocin kasuwar hatsi ta Dawanau na cika suna tashi. In kuwa ruwa ya ɗauke, ko tsutsar masara ta shiga, babu wake babu gyaɗa da za a jingina da su, ga bashi a wuya. Daga nan sai sayar da tumaki, sai maigida ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani, tasa ta cika da ciyawa, baɗi ya fi bana talauci.

Abin ya ƙara tsananta tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuɗin huɗa, kuɗin mota zuwa kasuwa, man injin ban ruwa, duk suka tashi, buhun taki ya haura naira dubu talatin. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a kakar 2025 farashin masara ya faɗi, taki bai sauko ba, har ya zama buhun masara ba ya sayen buhun taki. Mun san mutanen birni sun ji sauƙi, kuma ba ma baƙin ciki da hakan, 'yan'uwanmu ne. Sai dai wanda ya ci bashi ya noma masarar, shi ya biya kuɗin wannan sauƙin.

Ga abin da matanmu suka ce lallai a rubuta, kuma mu mazan da muka sa hannu mun yarda gaskiya ce ko da ɗaci. Suka ce kuɗin masara da shinkafa a dunƙule yake zuwa, a aljihun maigida, sau ɗaya a shekara. Kafin wata biyu ya tafi a biyan bashi, gyaran ɗaki, biki, wani lokaci har ƙarin aure. Abin da ke ciyar da yaro kullum shi ne ɗan abin da ke hannun uwarsa: wake a randa, ƙwan kaza, nonon akuya, ribar awara. Tallafin da ya ƙara wa maigida buhu goma amma ya kori wake daga gona, ya ƙara kuɗi ne a takarda, miya kuwa ta koma kuka da gishiri.

Wata daga cikinsu ta ba mu labarin ranar da ta kai ɗanta awo. Ma'aikaciyar lafiya ta zagaya ɗan zaren awon nan mai launi uku a damtsen yaron, ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Aka ce tamowa ce, aka ba ta abincin gyaɗa na leda da ake ba irin waɗannan yara. Ta ce tana matsa masa a baki tana kallon ledar, ta tuna cewa gyaɗa ce fa, wadda shekara uku da suka wuce take nomawa da hannunta a gefen gonar mijinta, kafin a ce a cika gonar da masara. Mijin nata yana cikin waɗanda aka rubuta cewa sun amfana.

Kuma wannan ba matsalar garinmu kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Yankin da ke loda hatsi zuwa Kudu, shi ne 'ya'yansa suka fi tsumburewa.

Saboda haka muke roƙon alfarmarka, Allah ya taimake ka, a kan waɗannan abubuwa.

Wanda ke hannunka kai tsaye shi ne na sunaye. Muna roƙo ka ba da umarni cewa duk wani tallafin noma da zai shigo ƙasarka, na gwamnati ne ko na ƙungiya, a rubuta sunayen a fili a ƙofar Dagaci, gaban masu unguwanni da Sarkin Noma da liman da wakiliyar mata, a karanta su da ƙarfi bayan sallar Juma'a kafin a tura. Mai unguwa ya san gonar kowa da iyakarta. A karɓi shaidarsa a kan macen da ba ta da waya, a rubuta ta da sunanta, ba da sunan ƙanin mijinta ba.

Sauran kuwa muna roƙo ka kai su gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma da fadar Mai Martaba, don muryarka na isa inda tamu ba ta isa. Taki da iri su iso kafin ruwan shuka. In ba za su iso ba, gara a riƙe su zuwa noman rani a ba masu fadama. A daina ɗaure mu da amfani ɗaya: a haɗa da irin wake da gyaɗa da waken suya, a bar manomi ya yi haɗin da ya saba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin wake mai jure tsutsa a 2019, muna jin labarinsa a rediyo, muna so mu gan shi a gonakinmu. A ware wa mata kasonsu, ko da akuya biyu ne ko kaji ko irin zogale da kayan miya, tare da malamar gona mace da za ta iya shiga gida ta koya musu haɗa garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa. A samar da buhunan ajiya masu leda biyu a ciki, waɗanda ke hana wake ƙwari ba tare da an zuba masa guba ba, don mu daina rabuwa da shi da kaka saboda tsoron ɓaci.

Batun biyan bashi kuma, ba yafewa muke nema ba. Wanda ya ci ya biya. Muna roƙo ne a ɗaga lokacin karɓa zuwa bayan kaka da wata uku ko huɗu, sa'ad da farashi ya ɗan farfaɗo, kuma in fari ko ambaliya ta cinye gona, a turo malamin gona ya gani da idonsa a sassauta.

Mu ma akwai namu. Mun yi shawarar kafa rumbun gari, kowane magidanci ya zuba abin da ya sawwaƙa da kaka, a ranta wa mabukata a tsakiyar damina su mayar da hatsi bayan girbi, ba tare da kuɗin ruwa ba. Abin da ya rage mana shi ne fili kusa da gidan Dagaci, da albarkarka, da mutum ɗaya daga fadarka da zai riƙe maɓalli na biyu, don kada zargi ya shiga tsakani.

Muna roƙo ka sa mana rana kafin faɗuwar damina mu zo gabanka. Za mu zo da jerin manoman kowace unguwa da girman gonakinsu, matan da suka yi magana a wannan takarda kuma sun ce a shirye suke su maimaita ta gabanka.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ƙasarka daga fari da fitina.

Talakawanka masu biyayya,

Sarkin Noma, a madadin manoma
Wakiliyar mata, a madadin matan unguwanni
Masu unguwanni
Limamin gari, mai shaida