Wasiƙa Daga Aboabo

Assalamu alaikum mutumina,

Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na san za ka ce laifina ne, to na ɗauka. Ya Kano, ya karatu? Hajiya na gaishe ka, ta ce har yau kwanonta na wurinka. Tsaya ka ji labari.

Sun karɓi dabbata! Ka tuna zauren nan na manhajar hira ta Discord da kake min dariya a kansa, inda kowa ke ƙirƙiro dabba ya shiga labari da ita? Can duk kyarkeci ne da dodanni masu aman wuta, wannan shuɗi, wancan ƙaho uku. Na ce ni ɗan Kumasi me ya haɗa ni da kyarkeci? Ran nan da magariba ina cikin trotro a Kejetia, cunkoso ya riƙe mu, sai jemagun gidan zu suka taso, sama ta yi baƙi ƙirin. Direba kuma ya manna beguwar Kotoko, tambarin ƙungiyar ƙwallon Kumasi, a gilashi. Nan take na haɗa su: jikin beguwa, fiffiken jemage. Na raɗa mata suna Magariba.

Da farko mai kula da zauren ya dawo min da takardarta, wai ta fi ƙarfin wasa: ga tashi, ga harbi, ba ta da lago. A dokarsu kowane ƙarfi sai da rauninsa, kuma ba ka isa ka rubuta cewa ka kashe dabbar wani ba. Kai dai ka kai hari, mai ita ya faɗi ko ya same ta. Na yi fushi, kwana biyu ban leƙa ba. Amma gaskiyarsa ce.

Da na zauna bincike, ashe beguwa ba ta harbi da ƙaya kamar yadda Kawu ya sha rantse mana. Ƙayar kan cire ne in ta soki abu, daga baya wata ta tsiro. Daga nan na samo raunin: kowace ƙayar Magariba tana riƙe da abu guda da ta sani. Ta yi faɗa, ƙaya ta zuba, sai ta manta hanyar gida, ko fuskar uwarta. Ka san kirarin Kotoko, a kashe dubu, dubu za su zo. To ƙayoyin suna dawowa, amma fayau, babu komai a cikinsu. Saboda haka matsoraciya ce, ta gwammace a zage ta da ta yi faɗa. Shekaranjiya ta ceci wata dila mai fiffike, bayan an gama ta juyo ta ce mata, "Ke wace ce?" Mai dilar ya ce saura kaɗan ya yi hawaye. Ina tsaka da ba shi amsa dumso ya ɗauke wuta, waya kuma ta mutu.

Kai ma ina jin ƙayar da ke riƙe da lambata ce ta faɗi.

Af, telan layinmu zai yi aure bayan Sallah, kuma ba wadda muke zato ba ce. Ƙanwar mai waache ce, shinkafa da waken nan na bakin masallaci! Yanzu kullum da kifi da ƙwai ake zuba masa, mu kuwa ko shito, miyar barkonon nan, sai mun roƙa. Ɗinkin rigata kuma sai dai mu ce Allah ya kyauta.

Ka gaishe da mutanen ɗakinku.

Naka,
Sarkin jemagun Aboabo