Wasiƙa daga Damagaram: kada ka mayar da bindigar nan tukuna

Damagaram, daren Alhamis

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan sai godiya. Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da safe daga ƙofar gidana ba a hangen duwatsun Birni don ƙura. Yau na leƙa kasuwar Dole, kowa ya rufe hanci da rawani.

Na ga hotunan bindigar da na takardun harbi da ka turo ta WhatsApp, na kuma saurari muryarka har sau biyu, na ji ɓacin ranka. Ka ce wata da watanni kana tara kuɗi kafin ka sayi bindigar nan mai cin harsashin .308, an rubuta a takardarta cewa tana tara harbi cikin inci ɗaya a nisan yadi 100, amma da ka zauna kan teburin filin harbin ƙungiyarku a can Amurka, ka ɗora ta bisa buhun yashi, inci ɗaya da rabi take ba ka, wani lokaci ya doshi biyu. Har ka fara shirin mayar da ita. Shi ya sa na ce wannan magana ta fi ƙarfin saƙon murya, sai na zauna na rubuta. Don Allah ka dakata.

Ma'aunin taruwar harbi da aka yi maka alkawarin nan da shi, wanda suke kira MOA, kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri guda. A yadi 100 inci ɗaya ne da 'yar ɗoriya. A lissafinmu na nan, santimita 2.9 ne a mita 100, ya kusa santimita 9 a mita 300. Inci ɗaya da rabin da ke hana ka barci bai cika santimita 4 ba. Ka ɗauki kwalin ashana ka duba tsawonsa. Harsashi biyar ka zuba a wurin da bai kai shi ba, daga nisan da ya kusa tsawon filin ƙwallo. Ka tuna Kalashnikof ɗin da muka saɓa shekara da shekaru? A littafin sojan Rasha, in harsashi huɗu suka shiga da'ira mai faɗin santimita 15 a mita 100, an yarda bindiga lafiyarta lau. Da ita muka yi aiki, ba mu taɓa raina ta ba.

Yanzu ka koma ka karanta takardar bindigar a tsanake. Kamfanoni da yawa harbi uku suke nufi da alkawarinsu, kuma da zaɓaɓɓen harsashi na gasa. Kai kuwa biyar kake harbawa, da na kwali mai arha. Harbi uku yakan taru ko da sa'a kawai. In ka ƙara biyu rukunin hudojin zai buɗe, in ka kai goma ya ƙara buɗewa, alhali bindigar ita ce dai ba ta sake ba. Wanda ya nuna maka takardarsa mai huda uku manne da juna, ka tambaye shi sauran takardun da ya harba a wannan rana. Mutum ba ya adana wadda ta watse.

Su kuma dattawan da ka ce ka gani a teburin gefenka, suna zuba biyar a rami ɗaya, sana'arsu daban. Bindigoginsu don tebur aka ƙera su, bututu mai kauri, gindi mai faɗi da ke zamewa a kan buhu, nauyi kilo biyar zuwa shida. Da yawansu 6 PPC suke harbawa, harsashin da wasu Amurkawa biyu, Louis Palmisano da Ferris Pindell, suka fito da shi a shekarun 1970. Da hannunsu suke ɗura kowane kwanso, su jera tutoci daga tebur har wurin takarda suna karanta iska. Sai ka ga mutum ya yi minti biyu bai taɓa kunama ba, yana jiran tutar ta koma yadda take a harbin farko. Nakan tuna 'yan bindigar fada ranar hawan Salla, kowa ya zuba albarushi da ƙiyasin ido ya danna da sanda, wata ta yi ƙara kamar aradu, wata ta yi tari kawai. Abin da waɗancan dattawa suke gudu ke nan, suna so na farko da na biyar su fita da gudu ɗaya. Taka bindigar farauta ce, ba a haɗa ta da nasu.

Akwai abu guda a hotonka na uku da ya tsaya mini a rai. Kamar bututun ne kwance a kan buhun gaba. In haka ne, to ga ɓarawonka. Ni ma ya taɓa cin mini rana guda cur a filin harbi, ina sabon shiga. Na ɗora bututu kan buhu don in ji daɗin saiti, harbina ya yi ta hawa sama yana watsewa, na rantse bindigar ce ta lalace. Wani tsohon saje ya zo ya tsuguna kusa da ni, bai ce uffan ba, ya tura bindigar gaba kamar faɗin tafin hannu har katakon da ke ƙarƙashin bututun ya hau buhun, ya dafa kafaɗata ya ce in sake. Huɗu suka taru wuri ɗaya. Bututu yana karkarwa duk lokacin da harsashi ke bi ta cikinsa, in ya taɓa wani abu karkarwar takan sauya, harsashi ya bi wata hanya. Katako ne ke zama kan buhu, kuma a gurbi ɗaya kowane harbi. Ka manna ɗan salatif a wurin don kada ka ɓata.

Ran Asabar ka tafi da sassafe, kafin iska ta tashi, kafin kuma ƙasa ta yi zafi kawalwalniya ta fara rawa a madubin saiti. Ka duba kusoshin da ke riƙe da madubin da waɗanda ke ɗaure ƙarfe da katako, don in ɗaya ya saki duk wahalarka ta banza ce. In ka wanke bututun, ka zubar da harbi biyu a gefe tukuna. Ka sayi harsashi iri uku masu nauyi dabam dabam, domin kowace bindiga da abincin da cikinta ke so. Kowane iri ka yi masa rukuni huɗu ko biyar na harbi biyar biyar, kana barin bututu ya huce har ka iya riƙe shi da hannu. Kumatunka wuri ɗaya, riƙonka iri ɗaya, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali har ta fashe ba ka shirya ba. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakani ko da harbin yana faɗawa gefe. Taruwa muke nema yanzu, kai shi tsakiya aikin minti biyar ne daga baya.

Wajen awo kuma, daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda ake yi, tsakanin biyun da suka fi nisa da juna. In ka auna daga baki zuwa baki ta waje, ka cire kaurin harsashi, wajen milimita 7.8. Ina zargin ba ka cire ba, ka ga kuwa ka ɗora wa bindigar kusan sulusin inci da ba nata ba. Kada ka jefar da takarda ko ɗaya, har wadda ta ba ka haushi. Ka haɗa duka ka fitar da matsakaici. In ya tsaya tsakanin inci ɗaya da ɗaya da rabi, ka riƙe abarka hannu biyu. In ya haura biyu da rabi da kowane irin harsashi, sannan ka kai wa maƙerin bindiga ya duba bakin bututun da zamansa cikin katako.

Ka rubuta kwanan wata da sunan harsashi a jikin kowace takarda, ka ɗauko su a hoto da ma'auni kwance a gefe, in gani da idona. Ka kuma riƙa kulle ta inda hannun yara ba ya kaiwa, harsashi a wani wuri daban.

Maƙwabcinku na Zango ya aurar da 'yarsa makon jiya, na je ɗaurin aure da sunanka. Uwargida tana gaida Hajiya, ta ce kilishin da ta yi alkawari yana nan tafe in an samu mai zuwa.

Wassalam,
Amininka na bariki