Ɗana Na Koyon Tarihi a Wasan Kwamfuta: In Hana Shi Ko In Bar Shi?

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira, ya saka maka da alheri bisa wannan fili.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, amma damuwata a cikin gidana take. Babban ɗana, wanda baɗi zai zauna jarrabawar fita, ya kamu da wasannin kwamfuta na gina daula, musamman Civilization da Age of Empires. Ana ba ka 'yan mutane da fili, ka kafa gari, ka tara abinci da zinari, ka riƙa buɗe ilimi ɗaya bayan ɗaya har ka fi ƙarfin maƙwabta. Civilization tun 1991 ya fito, kuma a yawancin fitowarsa yana ɗaukar mai wasa daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa zamanin harba kumbo.

Ba zan ƙi faɗin alherinsa ba. Yaron da sai da tsawa yake buɗe littafi, yanzu shi ke tare ni da tambaya kan hajjin Mansa Musa na 1324. Da ya gano cewa a 2021 an saka Hausawa a Age of Empires III tare da Sarauniya Amina, har ƙannensa ya tara su zo su gani.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne irin tunanin da wasan ke dasa masa. Kwanan baya ya ce min, "Baba, ai sake kakanninmu suka yi. Sun tsaya a matakin doki da mashi, shi ya sa Turawa suka ci Kano a 1903." A ganinsa ci gaba tsani ne guda ɗaya, kowa shi zai taka, wanda ya riga hawa ya ci sauran.

Na ce masa duniya ba haka ta tafi ba. Daular Inka a Kudancin Amurka ta shimfiɗa hanyoyi kusan kilomita 40,000 ba tare da keken doki ba, kuma lissafinta da ƙulle-ƙullen igiya take adanawa. Mutanen Arewacin Afirka sun san keken doki tun zamanin Rumawa, suka ajiye shi saboda raƙumi ya fi sauƙi da araha. A wasan kuwa ba a ajiye abin da aka buɗe. Sannan sarkin wasa ba ya mutuwa, ba shi da 'yan'uwa masu neman gado, yana cewa a yi sai a yi. Wane sarki ne ya danna maɓalli Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji? Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, gaskiya ne, amma marina da dukawa da fatake ne suka kai sunan Kano har Tarabulus.

Shi kuma, da yake bakinsa ya buɗe, sai ya jefo min yaƙin Tondibi: ai a 1591 bindigogin Maroko ne suka tarwatsa rundunar Songhai duk da yawanta. Na ce haka ne, amma na tuna masa rikicin gadon sarauta da ya raunana Songhai a 1588, kamar yadda Basasar da ta ɓarke a 1893 ta jigata Kano kafin zuwan Turawa. Ya yi shiru, sai dai na ga alama bai gamsu ba.

Mahaifiyarsa ba ruwanta da wannan muhawara. Ita dai ta ga yaro yana raba dare, da asuba sai an yi fama kafin ya tashi salla, don haka ta ce a ƙwace kwamfutar kawai. Ni kuma ina tsoron in na ƙwace, son tarihin da ya fara tsirowa ya bi ta.

Malam, wanne ya fi? In hana shi gaba ɗaya har ya gama jarrabawa, ko in ƙayyade masa lokaci, in riƙa zama kusa da shi muna warware inda wasan ya kauce? Kuma ta yaya zan cire masa raina kakanninsa ba tare da na yi masa ƙaryar cewa ba su da aibi ba?

Na gode. Wassalam.

Wani uba daga Zariya