Masu Tara Kan Sarki, Mu Haɗu Mu Yi Musaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga masu tara kan sarki, musamman waɗanda suka daɗe a harkar. Ina da na Arewacin Nijeriya na 1902 masu hoton Sarki Edward har biyu-biyu, amma na 1900 mai hoton Sarauniya Victoria ya gagare ni. Na tabbata yana kwance a akwatin wani a Kano ko Zariya, danshin damina na cin bayansa.

Mu riƙa haɗuwa a Kaduna duk Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa da kundinsa da gilashin dubawa. A duba haƙoran kowane kan sarki, wato ƙananan tsinin da ke gefensa, a gaban shaidu kafin a shirya, domin mai yagaggen haƙori ba ya kai lafiyayye daraja. Musaya zalla nake so, ban da ciniki.

Naka,
Wani mai karatu, Kaduna