Wasiƙa zuwa ga Auta a Suwal

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Innarki na gaishe ki, ta ce yajin da ta aiko naki ne, ba na Jami'ar Sarki Abdullah gaba ɗaya ba.

Tun ranar Juma'a nake juya bayanin da kika yi mini. Na tsufa ina jan waya da ɗaura sola a gidajen Makka, amma sai a bakinki na ji cewa silikon, wato abin da ake yin ƙwayoyin sola da shi, in an goge shi sumul yakan mayar da fiye da kashi 30 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ku kuma kuna sassaƙa fuskarsa ta zama tsinke-tsinke da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, sai haske ya shiga ya rasa mafita. Kika ce haka Allah ya halicci idon faɗa-wuta. Ƙwaron da nake kora daga jikin fitila!

Ga inda nake so ki natsu. Tsinakun nan suna ƙara faɗin fuska, kuma ta fuskar ce wutar da haske ya tayar take zurarewa kafin ta kai waya. Haske ya shiga da yawa, bolt kuma ya faɗi. Ƙwayar silikon ɗaya duka-duka bolt 0.6 zuwa 0.7 take bayarwa, 'yar na'urar solarku da ba ta fi farce ba kuwa ina ta ga filin jera ƙwaya 60 kamar faifan kan rufi? Masanan Jami'ar Aalto ta Finlan ba su kai ga mayar da kashi 22 cikin ɗari na haske zuwa wuta a 2015 ba sai da suka shafe baƙin silikon, wato mai tsinakun nan, da siririn alminiyam oksaid. Kada ɗokin sassaƙa ya sa ki raina shafe, 'yata.

Sai zafi. Ku a digiri 25 kuke awo, cikin sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Faifan rufinmu na Shara Mansur kuwa, a watan Yuli hannu ba ya taɓa shi, kuma kowane ƙarin digiri na cinye wajen milibolt 2, wato kashi biyu cikin dubu na bolt, a ƙwaya ɗaya. Ga ƙura. Na taɓa ɗaura wa wani Alhaji sola bisa lissafin takarda, ban cire rabon zafi ba. Batir ya ƙi cika, na sha kunya, na ƙaro faifai da kuɗin aljihuna.

In za ki zo hutu, ki nemi izinin malaminki ki taho da 'yan na'urorin guda biyu, mai shafe da marar shafe, mu shanya su a rufi bayan azahar. Mitata ta tsufa, amma har yanzu awonta daidai ne.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki